Kifin Maharazu

A garinmu, idan mutum ya shara ƙarya mai girma, ba a ce masa maƙaryaci. Sai a ce, "To, kifin Maharazu ke nan." Har yaran da ba su san asalin maganar ba suna faɗa. Maharazun da ake nufi abokina ne, tare muka tashi, kuma a daminar bara Allah Ya karɓi abinsa. Zan faɗi yadda abin ya kasance, ko da yake na san ni ma an daɗe da sa ni a layinsa.

Garin namu ƙarami ne. Idan ka fito daga Dutse ka wuce Shuwarin, sai ka sauka daga kwalta ka bi burji. Sunana Yahuza, keken adaidaita sahu nake ja. Shi kuwa Maharazu haƙar rijiya da yasarta ya gada a wurin mahaifinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ko yaushe akwai busasshiyar laka a bayan kunnensa, ko da ranar Sallah ce. Saboda ya saba magana daga ƙasan rijiya, bai iya raɗa ba. Idan ya matso kusa da kunnenka ya ce zai gaya maka sirri, masu alwala a bayan masallaci sukan ji har su ba da shawara. Kuma in yana magana sama yake kallo, kamar duk mutanen duniya suna bakin rijiya suna leƙo shi.

Zurfi bai taɓa ba shi tsoro ba. Faɗi ne ke ba shi tsoro. Akwai shekarar da muka je ɗaurin aure wajen Ringim, sai an haye kogi a kwale-kwale. Maharazu ya dubi ruwan, ya nemi gindin bishiya ya zauna, ya ba ni goronsa ya ce in isar da gaisuwa.

"Ni ruwan da ban ga bangonsa ba, ba na shiga," in ji shi.

Tsofaffinmu suna da wata al'ada. Idan an gama sabuwar rijiya, sai a jefa 'yar tarwaɗa a ciki, ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da ke faɗawa, ruwa ya zauna garau. Rijiya ta farko da Maharazu ya haƙa da kansa, ba tare da mahaifinsa ya tsaya masa ba, ita ce ta ƙofar masallaci. A shekarar ya auri Kubura. Da ya gama, ya kamo wata 'yar tarwaɗa a kududdufi, ba ta fi yatsa ba, ya saka ta a guga ya zura. Ina wurin. Da idona na ga ƙanƙantarta.

Kowa ya manta da ita ban da shi. Duk bazara, idan ruwa ya ja baya, shi ke sauka ya kwashe laka da tsofaffin gugunan da suka tsinke. Rijiyar tana da zurfi sosai, kuma a ƙasa ta yi wani kogo ta gefe, inda hasken tocila ba ya kaiwa. A can kifin yake zama. Babu mai sauka sai Maharazu, don haka babu mai ganin kifin sai shi. Ya raɗa masa suna Baffa, wai gashin bakinsa sak na wani baffansa da ya rasu a Garki. In zai sauka sai ya cika aljihu da ƙuli-ƙuli. Sauran watannin kuma, in ya zo wucewa, yakan faki ido ya jefa guda biyu uku. An yi shekarar da liman ya yi ta tambaya me ya sa ruwan alwala ke ƙanshin gyaɗa.

Matsalar daga hannuwansa ta fara. In ya fito daga yasa, mutane sukan tambaye shi lafiyar kifi, shi kuma sai ya gwada tsawonsa da hannu. Shekarar farko taƙi ɗaya. Bayan wasu shekaru kamu guda. Aka wayi gari yana buɗe hannuwa duka biyu har ƙirjinsa ya turo, yana cewa saura wutsiya.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan shi ne Ɗan'inna mahauci, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ba ya taɓa rasa ranar yasa. Yakan zo da kujerarsa.

"Ɗan kawu, bana ya kai ina?"

"Ya wuce ƙugunka."

"Bara ma ka ce ya wuce ƙuguna."

"Bara a tsaye ya wuce, bana a kwance."

"To ka gaishe shi. Ka ce masa in ya tashi aure ni ne waliyyi."

Da aka taɓa faɗa a rediyo cewa masunta sun kama wata tarwaɗa a wajen Haɗeja da ta kai nauyin rago, ana ta mamaki a majalisa, Maharazu ya dubi sama ya ce wannan ai ba ta wuce jikar Baffa ba. Daga ranar maganar ta zauna. Mai awo ya ce hatsinsa babu tsakuwa, a ce kifin Maharazu. Saurayi ya ce yana da fili a Takur, a ce kifin Maharazu.

Yana dariya tare da su, amma ni na san abin yana cinsa. Mutum ne da bai taɓa cin kwabon kowa ba, bai taɓa ce wa mai rijiya ya kai ruwa alhali bai kai ba. Wannan abu ɗaya ne tak aka ƙi yarda da shi a kai, kuma shi ya zama sunansa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, nakan rage rabi in yana gwadawa. Kubura ba ta taɓa ce masa ƙarya yake ba. Amma da zarar ya fara buɗe hannuwa a tsakar gida, sai ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Shekara ashirin da 'yan kai ana haka. Sai aka kawo mana burtsatse mai aiki da hasken rana, mata suka koma can. Damina ta yi ƙarfi, bakin tsohuwar rijiya ya tsage, akuyar ladan ta kusa faɗawa. Da ruwa ya ja baya, mai unguwa ya tara mutane a ƙofar masallaci ya ce za a cike ta kafin a yi asarar rai.

Maharazu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Baffa fa?"

Aka yi dariya. Ɗan'inna ya miƙe shi ma, ya gyara hula. Ya ce yana da shawara. Ranar Juma'a bayan an sauko, Maharazu ya shiga ya fito da kifin a gaban kowa. In da gaske ne, za a kai shi Shuwarin a ɗora a sikelin 'yan hatsi, a kira 'yan rediyo su shaida cewa ba a taɓa ganin irinsa a Jigawa ba, shi kuma Ɗan'inna zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce ɗan kawunsa mai gaskiya ne. Bayan nan, tun da rijiyar masallaci ce, kifin na jama'a ne. Zai yanka shi kyauta, kowane gida ya sami yanka.

Kowa ya ce shawara ta yi. Maharazu ma ya ce ta yi. Ranar har tafiyarsa ta canja, ya bi gari yana gaisa da mutane kamar ango.

Washegari da yamma na same shi zaune a bakin rijiyar, ƙuli-ƙuli a hannu, bai ci ba bai jefa ba.

"Yahuza," ya ce, da raɗarsa wadda ta kori kajin maƙwabta, "in suka gan shi sun yarda."

"Ai shi ake so."

"In suka yarda kuma sun cinye shi."

Na zauna kusa da shi. "To kada su gan shi."

"In ba su gan shi ba, haka zan mutu. Jikokina ma da shi za a riƙa tsokanarsu."

Na ce ya nuna musu kai kawai ya mayar. Ya ce ina zai mayar, rijiyar da za a cike? Na ce mu saka shi a randa. Ya dube ni da tausayi, ya ce ashe har yanzu ban yarda da girmansa ba. Na ce to mu ɗauki hotonsa da waya, mu kai shi dam ɗin Warwade mu saka, mu dawo mu nuna hoton. Ya girgiza kai.

"In ba su yarda da hoton ba, Ɗan'inna zai ce da waya aka kumbura shi. In suka yarda, kafin sati masunta sun tace dam ɗin. Babu hoto."

"Maharazu, kifi ne fa."

"Na sani. Amma shekara nawa, ni kaɗai ke sauka can, shi kaɗai nake tararwa. Yakan zo ya goga kansa a ƙafata. Ka taɓa cin wanda ya san ƙafarka?"

Ban taɓa ba. Muka tsayar da magana a kan ranar kasuwar Shuwarin, wadda ta riga Juma'a zuwa, ranar da garinmu ke zama kamar an share: maza na kasuwa, yara na makaranta, tsofaffi na barcin hantsi.

Kubura ce ta ɗinke mana buhu biyu suka zama ɗaya, tana ɗinki tana cewa buhu ɗaya ma ai zai yi yawa. Ta kawo tsohon bargonta da bokitin ruwa, ta tsaya a bakin rijiya don ta riƙa isar mini da magana. Muka ratsa igiya a kan gungumen bakin rijiyar, muka ɗaure ɗaya bakin a bayan kekena, yadda ake yi da shanu a rijiyoyi masu zurfi. Maharazu ya yi bisimilla ya sauka.

Aka jima. Muna jin fantsamar ruwa da muryarsa tana tasowa. "Haba Baffa. Ni ne fa. Shiga mana, ba wurin Ɗan'inna za mu ba." Can ya ce a ja.

Na sa giya na taka a hankali. Keke ya yi ƙara ya tsaya cik, sannan ya fara tafiya kamar ya ɗauko buhunan gero. Da Kubura ta ɗaga hannu, na taka birki na sauko. Muka kama buhun mu biyu muka mirgino shi ƙasa.

Wutsiyar ba ta shiga buhun ba. Da muka zame shi, na ja da baya har na taka bokiti. Kansa ya kai faɗin faifai. Gashin bakinsa ya fi tsawon hannuna daga gwiwa. Jikinsa ba baƙi ba ne kamar na sauran tarwaɗa, ya yi fari-fari kamar toka, saboda bai taɓa shan rana ba. Daga baya na ji masunta na kiran irinsa ramboshi. Yana kwance yana buɗe baki a hankali, ya ƙura mana ƙananan idanunsa, kamar dattijon da aka tasa daga barci ba da dalili ba.

Kubura ta dafa ƙirji.  Muna nan tsaye har muka ji murya daga ƙasa: "Jama'a, akwai saura mutum ɗaya a ciki."

Mun manta da shi. Da muka jawo shi ya fito, laka har gira, bai kalli kifin ba, matarsa ya kalla.

Ta ce, "Baban Zaituna, ashe ma ragewa kake yi."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin hasken da ta yi a lokacin ba. Ya shiga share laka daga ido, ya daɗe yana sharewa.

Muka jiƙa bargo muka naɗe Baffa, muka kwantar da shi a kujerar baya. Maharazu ya zauna ya ɗora kan a cinyarsa, wutsiya ta leƙa waje, muka rufe ta da zanen Kubura. Yana riƙe da buta yana ɗiga masa ruwa.

Hanyar Warwade daga garinmu dole ta Shuwarin take bi. Da muka hau kwalta muka fara jin hayaniyar kasuwa, sai na ji ya taɓa kafaɗata.

"Rage gudu."

Na rage.

"Ga sikelin can," ya ce. "Ka ga mutanenmu a gindin darbejiya. Yahuza, in na ɗaga bargon nan sau ɗaya, shi ke nan."

"Shi ke nan kam. Kai da shi duka."

Bai ce in tsaya ba, bai ce in wuce ba. Muna cikin wannan tafiyar ta hawainiya, motar shanu ta tare hanya, dole na tsaya. Kuma a daidai wurin, a bakin titi, wa ke tsaye yana shan rake in ba Ɗan'inna ba. Ya matso ya dafa ƙarfen keke, ya dubi abin da ke naɗe a bargo, fuskarsa ta canja.

"Subhanallahi. Ɗan kawu, wa za ku kai asibiti?"

 Na san Maharazu bai iya ƙarya ba. Ta madubi na ga hannunsa a gefen bargon, ya kama. Ya dubi sama.

"Baffa ne," ya ce. "Kifin. Shi ne a ciki."

Ɗan'inna ya tsaya da tauna. Ya dubi bargon, ya dubi Maharazu, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har rake ya sarƙe shi.

"Allah Ya shirye ka. Na ɗauka abin kirki ne." Ya juya wajen 'yan garinmu. "Ku ji, wai yau kifin ne ya fito cin kasuwa." Ya juyo ya ɗan rusuna wa bargon. "Sannu Baffa, ya jiki? A sayo mana tsaraba."

Ko yatsa bai kai kan bargon ba. Motar shanu ta matsa. Maharazu ya saki gefen bargon, ya gyara shi ya lulluɓe da kyau.

"Mu je," in ji shi.

A cikin Dutse, wajen Takur, wata dattijuwa da ke jiran abin hawa ta leƙo ta ga bargon, ta ce Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Maharazu ya ce amin, ya gode.

Rana ta take lokacin da muka isa dam. Masunta duk sun tafi kasuwa da kamunsu, sai kwale-kwale a ɗaure. Na kai keke har bakin ruwa. Maharazu ya sauko, ya dubi faɗin ruwan, ya ja ya tsaya. Muka kinkimi Baffa muka sa shi inda ruwa ya kai ƙauri, muka zare bargon, muka koma tudu da sauri.

Ya ɗan kwanta shiru. Sai ya motsa wutsiya ya matsa gaba kaɗan. Muka ce to, ya tafi. Sai ya karkata hagu, ya zagayo, ya dawo inda ya tashi. Ya sake zagayawa. Ya sake. Da'irar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Daidai faɗin rijiyar ƙofar masallaci.

"Baffa, miƙe," Maharazu ya ce daga tudu. "Babu bango. Miƙe kawai."

Baffa ya ci gaba da zagaye. Ga ruwa har inda ido ya ƙare, shi kuwa yana juyawa a wuri ɗaya, bayansa a waje, rana na dukansa. Na ce in masunta suka dawo suka same shi haka, ko taru ba sa buƙata, da hannu za su ɗauka.

Maharazu ya tuɓe riga ya miƙa mini. "Riƙe. In na nutse, ka gaya wa Kubura ba da son raina ba."

Ya shiga. Mutumin da ya ƙi kwale-kwale a Ringim. Yana tafiya yana salati, hannuwa a buɗe yana lalube, yana neman bangon da babu. Da kifin ya zagayo ya gogi ƙafarsa, sai ya sa hannu ya tare kan, ya juya shi wajen zurfi, ya riƙa tafiya a gefensa kamar mai raka baƙo. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Ina jin muryarsa har tudu: "Ni ma tsoro nake ji, ba kai kaɗai ba." Da ruwa ya taɓa masa haɓa, ya tura shi. Na ga farin bayan ya yi ƙasa, ya miƙe, bai karkata ba.

Sai Maharazu ya tsaya a wurin, ya kasa juyowa. Dole na cire takalmi na shiga na jawo shi da igiyar rijiya.

Ranar Juma'a gari ya taru. Ɗan'inna ya zo da wuƙaƙe biyu da kujerarsa. Maharazu ya sauka kamar yadda aka yi alkawari, ya ɗan jima, ya fito da wata buta mai tsatsa da kwaɗo guda. An yi dariya har liman ya zauna a ƙasa. Ɗan'inna ya ɗaga kwaɗon ta ƙafa yana tambayar mai unguwa kashi nawa za a yi. Na buɗe baki na ce ni na gani da idona, aka ce to, an sami na biyu. Maharazu ya tsaya a tsakiya yana dariya tare da kowa, kuma wannan karon har cikinsa yake yi. Shi ya fara zuba ƙasa a rijiyar.

Bayan nan, duk lokacin da na sami fasinjan wajen Warwade, sai ya ce in tafi da shi. Yakan zauna a bakin ruwa, ƙafa a ciki zuwa idon sawu, yana jefa ƙuli-ƙuli. Ba mu sake ganin Baffa ba. Ya ce haka ya fi, in an gan shi ai bai miƙe ba ke nan.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya yi ajalinsa. Ni na kai shi asibiti, a kujerar nan ta baya, kansa a cinyar Kubura. Har yanzu in na duba madubi wani lokacin sai in rage gudu ba tare da kowa ya ce in rage ba.

A wurin zaman makoki, da mutane suka ragu, Ɗan'inna ya jawo tabarmarsa kusa da tawa. Idanunsa sun yi ja. Ya daɗe yana murza carbi.

"Yahuza, tsakaninka da Allah. Ranar nan a Shuwarin. Mene ne a cikin bargon?"

"Ai ya gaya maka."

Ya ce, "Ya kai ina?"

Na miƙe na buɗe hannuwana iyakar buɗewa. Na ce, "Tashi ka ara mini hannu ɗaya, saura wutsiya."

Ya dube ni kamar zai faɗi maganar nan da kowa ke faɗa. Bai faɗa ba. Ya ajiye carbin, ya tashi, ya haɗa yatsunsa da nawa ya miƙe hannu.

"Nan?"

"Ƙara kaɗan."

Ya ƙara.

Allah Ya jiƙan Maharazu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa in ya ga faɗin kada ya ji tsoro.